Nata'ala da Sojan da ke Durƙusa Masa

Faɗan da na yi da Nata'ala a kan miyar kuka aka yi shi, kuma har gobe ni ke da gaskiya.

Tuwo nake saidawa a bakin wata mangaza, wato ɗakin ajiyar kayan ƴan kasuwa, a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, shi kuma a nan yake gadin rana. Kullum bayan azahar nakan zuba masa in kai masa har kan bencinsa, don gwiwarsa ta dama ba ta son zirga-zirga. Ran nan na iske shi ya sunkuya a kan salula, ya toshe kunnuwansa da wasu igiyoyi. Na yi sallama, shiru. Na ƙara, shiru. Ina cikin sauke kwano sai mutumin nan ya daka tsawa.

"Kwanta, ga su nan bayanka!"

A Maraɗin yanzu, da labarin ƴan bindiga ke zuwa daga bakin iyaka safe da yamma, wa za a ce wa haka ya tsaya tambaya? Na kwanta. Tsohuwa da ni, mai jika da tattaɓa-kunne, na baje a ƙasa, miya a zane, miya a goshi. Da na ɗago na waiwaya, akuya ce kawai ke cin kwali.

"Ba da ke nike ba, Inna Tsahara," in ji shi, yana zare igiya daga kunne. "Da Gado nike."

"Wane Gadon?"

Ya juyo mini da fuskar salula. Wasu hannuwa na gani riƙe da bindiga, da wani kango, da wani ɗan mutum bai kai tsawon yatsa ba yana gudu da kayan soja.

"Wannan ne Gado?"

"Shi ne."

"To Allah ya isa tsakanina da kai da Gado. Furfura a gemu, kana yaƙi cikin gilashi. In yaƙin kake so, Bagobiri, ga daji can, kakanninka ba a zaune bisa benci suka yi nasu ba. Ka ba da ni a gaban akuya."

Bai rama ba. Ya tashi da ɗingishinsa ya ɗebo ruwa a buta, ya riƙe mini na wanke fuska, ya tsince tuwon da ya faɗi ya zuba wa akuyar. Wannan shirun ya fi ƙona mini rai, don mai faɗa yana son a tanka masa. Na yi kwanaki ina dangwara masa kwano ba gaisuwa. Sai dai tun daga ranar na sa masa kunne, kuma abin da kunnena bai ɗauko ba shi ya ƙarasa mini da bakinsa daga baya.

A Tibiri aka haife shi, da zanen Gobirawa a kumatu. Ya yi lakwal, makarantar boko, har ya iya haɗa baƙi, sai wata rana ya ga kamiyo, babbar motar kaya, ta tsaya shan ruwa, ya bi ta. Ya yi yaron mota, ya sha ranƙwashi, ya kwana ƙarƙashin tayoyi, har aka ba shi sitiyari. Kano, Damagaram, Ƙwanni, Agadas, babu inda bai kai kayan Alhazan Maraɗi ba. Ya auri Zalihatu, suka kama ɗaki a Sabon Gari, Allah ya ba su ƴa guda, Fadila.

Mutum ne mai zurfin ciki, irin wanda ko hanjinsa na hannunsa, ka ce masa ina lafiya, zai ce lafiya lau. Ranar da Zalihatu ta rasu shi ya riƙa dafa wa masu ta'aziyya shayi, ido a bushe, har mata suka yi ta ƙus-ƙus wai bai damu ba. Bayan an watse ya share tsakar gida, ya jingine turminta a gindin bango, bai sake barin kowa ya taɓa shi ba.

Da gwiwa ta gaji da taka kuloci, Alhajin da ya yi wa tuƙi ya ba shi gadi. Fadila ta yi aure, mijinta ya tafi da ita Yamai. Abin da ya rage masa ita ce fada, wato zaman shayin da suke yi da abokansa tun suna samari, a gindin wani dogon yaro. Ita ma ta zube ɗaya bayan ɗaya. Ilyasu, wanda suka fi shaƙuwa, ya kwanta ciwon ajali. Wani ya tafi Aljeriya neman abin kai. Wani ya yi arziki, gaisuwarsa ta koma ɗaga hannu ta tagar mota. Aka zo aka rufe iyaka, kamiyoyi suka daina shigowa, mangaza ta zama ɗakin tattabaru. Nata'ala ya ɗauko murhun gawayi da butar shayi ya dawo da su bakin ƙofar mangazar. Yakan jera ƙananan kofuna kamar dā, ya cika su, ya shanye su shi kaɗai.

Salular, Fadila ce ta aiko masa, tsohuwar ta mijinta, wai don ta riƙa ganin fuskarsa in ta kira. Da farko ta kira. Daga baya ga goyo, ga aiki, kiran ya koma na Juma'a, ya koma na Sallah. In aka tambaye shi labarinta sai ya ce rezo ne, wato layin waya, ba shi da kyau.

Wasan yaƙin yana cikin salular tun zuwanta, mijin Fadila bai goge ba. Wata rana tsakanin azahar da la'asar, lokacin da titin Zariya ke mutuwa har ƙadangare ya nemi inuwa, Nata'ala ya taɓa shi don ya ga ko mene ne.

Yadda abin yake, ba ka ganin fuskarka. Hannuwanka kawai kake gani da bakin bindiga, duniya tana juyawa duk inda ka juya. Akan haɗa ka da wasu mutum uku da ba ka sani ba, kowa yana garinsu da tasa salula, ku zama ƙungiya, a jefa ku wata ƙasa mai kangaye da gadoji, ku yi ta harbi da wasu ƙungiyoyin. Kuna iya jin muryar juna. In aka harbe ka ba ka mutuwa nan take, sai ka faɗi kana rarrafe, kana jiran ɗan ƙungiyarku ya zo ya tashe ka. In babu wanda ya zo, ka mutu kenan, a sake sabon zubi.

Nata'ala bai iya ba, kuma bai taɓa iyawa ba. Yatsunsa na direba ne, kowane kamar taɓarya, in ya nufi harbi sai ya yi tsalle. Akwai motoci a wasan, ya ce ga aikinsa ya samu, amma sai ya riƙa tuƙi a hankali yana kauce wa rami, ana ruwan harsashi a kansu. Sun zage shi da Faransanci, sun zage shi da Larabci, sun zage shi da yaren da bai taɓa ji ba ko a tashar Agadas. In ya faɗi sukan tsallake shi su wuce. Shi kuwa bai fasa abin da ya saba ba: duk ƙungiyar da aka jefa shi, sai ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali.

Rannan ya yi sallamarsa, biyu suka ruga abinsu. Na ukun ya zo gabansa ya tsaya, ya durƙusa, ya miƙe.

Rabon da wani ya durƙusa wa Nata'ala tun Fadila na gida.

"Allah shi yi maka albarka," ya ce. "Kai ɗan mutunci ne, an ga tarbiyya."

Sojan ya sake durƙusawa. Da aka harbe Nata'ala, shi ya dawo cikin wuta ya tashe shi. A saman kansa an rubuta suna, Nata'ala ya haɗa baƙin a hankali: Gado Jiratawa. Jiratawa tana nan bayanmu, inda ake noman rani, inda zogalen da muke ci ke fitowa. Nata'ala ya je wurin mai gyaran salula aka nuna masa yadda ake ƙulla abota a wasan, yadda in abokinka ya shigo sunansa zai yi kore.

Daga nan kullum bayan azahar sunan Gado sai ya yi kore. Gado zai zo, ya durƙusa, su tafi. Bai taɓa cewa uffan ba. Nata'ala ya yanke wa kansa cewa ko bebe ne, ko kuwa kunya ce ta yaron kirki a gaban babba. Wata rana Gado ya yi yaƙi kamar zaki, ya share ƙungiya guda shi kaɗai. Wata rana ya yi ta karo da bango kamar makaho.

"Yau Gado ya gaji," Nata'ala zai ce mini. "Halan ban ruwa ya kwana yi."

"Ko kuwa aljani ne," in ce. "Mutumin da ba ya magana, yau gwani gobe sakarai."

"Ɗan Adam ke nan, Inna. Ke kullum miyarki ɗaya take fita?"

Da tafiya ta yi tafiya suka daina neman yaƙin. Sukan sami wani ɗaki a gefen gari su shige, Gado ya tsare ƙofa da bindiga, Nata'ala ya zauna. Ana ta ɓarin wuta daga nesa, shi kuwa ya buɗe baki. Abin da bai gaya wa Ilyasu ba, abin da bai gaya wa liman ba, ya gaya wa Gado. Ya gaya masa cewa yakan shafa wa turmin Zalihatu mai don kada ya tsage. Ya gaya masa rezo lafiyarsa lau, Fadila ce ba ta kira, kuma ba ya ganin laifinta. Ya gaya masa abin da ke hana shi sakewa: ɗakinsa na Sabon Gari yana can ƙuryar gida, masu haya sun canja, ba wanda ya san sunansa sai dai a ce mai gadi. Yana tsoron ya mutu a ciki, ba wanda zai ce ina wane, sai wari ya kira mutane. Ranar da ya faɗi wannan na ga kafaɗunsa na rawa. Na juya baya na shiga kankare tukunya da ƙarfi, don namiji ba ya son a ga hawayensa. A cikin gilashi Gado ya bar ƙofa ya zo ya durƙusa kusa da shi, ya daɗe bai miƙe ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, suna haka. Sai wata rana sunan bai yi kore ba.

Nata'ala ya ce ko aiki ne. Kashegari ya ce ko wuta ce babu. Mako ya zagayo, ya daina cewa komai. Ya riƙa barin tuwo a kwano. Ya zauna da salula a tafin hannu yana kallon sunan nan da ya yi toka-toka.

"Zan tafi Jiratawa," ya ce mini.

"Wurin wa? Ka san gidansu? Ka san ubansa? Ka san ko baƙi ne ko fari?"

"Na san sunansa. Inna, ni na gaya masa ina tsoron in ɓace ba a tambaya ba. Yanzu shi ya ɓace. In ban je ba, mi na zama?"

Na ɗauke kwanon tuwon da ya bari, na rufe shi.

Ya nemi izini wurin Alhaji. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya sayi sukari da ganyen shayi da sabulu, irin abin da ake kai wa mara lafiya, ya hau kabu-kabu.

A Jiratawa ya sauka bakin kanal, inda ruwa ke bi ta tsakanin garake, ko'ina kore, ƙamshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya tambayi gidan su Gado. Aka kai shi wurin wani tsoho mai saƙar igiya wanda bai taɓa riƙe salula ba. Aka kai shi wani gidan, Gadonsu yana goye a bayan uwarsa. Rana ta take. Ya tsaya wurin wasu masu wanke albasa a bakin ruwa, ya yi sallama yadda ya saba, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali.

Ɗaya daga cikinsu ya saki albasar da ke hannunsa.

"Sake faɗi, Baba."

"Na ce ina gajiya."

"Wallahi shi ne. Kai, ku zo, ga Baba Direba."

Kafin ya gane abin da ake ciki an kewaye shi, ana dariya, ana miƙo masa jiƙaƙƙun hannuwa. Wani ya karɓi ƙunshinsa, wani ya kama hannun rigarsa, suka ja shi zuwa wata rumfar kwano a bakin hanya, inda salula ke jere bisa tebur kowace da igiyarta. Rumfar sharji ce. Mai ita, wani magidanci mai suna Maliki, ya taso da sauri ya ba shi kujera da ruwa.

"Ina Gado?" in ji Nata'ala. "Lafiya yake?"

Aka dubi juna. Maliki ya sosa ƙeya, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ya fito da wata salula da ta kumbura, gilashinta ya yi fari.

"Ga Gado nan, Baba. Cikin kanal ya faɗa."

Nata'ala ya dubi salular, ya dubi Maliki.

"Mai ita fa?"

"Ai tawa ce. Wurin wani Gado na saye ta, shi ya sa sunansa a wasan, ya tafi Libiya tun kafin ka fara shigowa. Ni haya nake ba da ita. In rana ta yi zafi aka tashi daga garka, duk wanda ya riga zuwa shi ke ɗauka. Wurin maganarta ya mutu tun tuni, shi ya sa ba ka jin mu. Amma mu muna jin ka sarai, lasifikarta kamar rediyo."

"Ba da abin kunne kuke yi ba?"

"Ina muka ga abin kunne? Nan bisa tebur ake ɗora ta, kowa ya ji."

Nata'ala ya ajiye kofin ruwan a ƙasa a hankali.

"Wanda ya fara durƙusa mini fa?"

"Ni ne," in ji mai wanke albasar nan, yana washe baki. "Ranar na fara koyo, Baba, ina neman wurin harbi na danna wurin duƙawa. Sai muka ji ka ce Allah shi yi maka albarka. Muka yi ta dariya har wani ya faɗo daga benci. Daga nan duk wanda ya ɗauka sai a ce masa, in Baba Direba ya shigo ka duƙa masa."

"Da farko don dariya ne," in ji Maliki da sauri, don ya ga fuskar baƙonsa. "Amma daga baya ya zama doka. Na ce duk wanda ya bar Baba a ƙasa bai tashe shi ba, ba ya ƙara taɓa salulata. Har faɗa an yi a kan haka."

Ba mugunta a fuskokinsu, wannan ya gaya mini da kansa. Murna suke yi tsakani da Allah, kamar waɗanda suka ga mai wasan rediyo ido da ido. Wani daga baya ya leƙo ya ce, "Baba, Fadila ta kira kuwa?" Wani ya ce, "Turmin nan, man gyaɗa ya fi, Baba, in ji tsohuwata. Na ba ta labari."

Nata'ala ya ji kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa.

"Akwai ranar da na yi maganar ɗakina," ya ce. "Wa ke riƙe da ita ranar?"

Suka shiga tunani. Wannan ya ce wane ne, wancan ya ce a'a, wane yana Maraɗi ranar.

"Ba za a gane ba, Baba," in ji Maliki. "Ranar an ɗauke ruwan kanal, ba aiki, rumfa cike take. Amma kowa ya yi tsit, wallahi. Ba wanda ya yi dariya."

"To da ni ne na daina shigowa, da kun zo nemana?"

"Ai ba mu san inda kake ba."

"Na faɗa. Mangaza ta Zariya, mai jan ƙyaure, inda tsohuwa ke tuwo. Na faɗa ba sau ɗaya ba."

Injin ban ruwa na ta bugawa daga nesa. Maliki ya gyara wata igiya da ba ta buƙatar gyara.

Ya bar musu sukarin da shayin, ya ce a dafa a sha. Sabulun ya rasa wanda zai ba, ya dawo da shi. Suka cika masa buhu da zogale da albasa, suka raka shi har bakin hanya, suna cewa da Maliki ya sayi wata salular za a dawo da Gado, kada ya damu.

Da la'asar ya sauka a gabana, ya ajiye buhun kusa da murhuna.

"Ya mai jiki?" na ce.

"Lafiya lau."

Sai bayan kwanaki, ina kwashe tuwo, ya ba ni labarin, yana kallon titi, kamar labarin wani yake bayarwa.

Abin bai tsaya nan ba. Mutanen Jiratawa suna kawo kayan garka Maraɗi ranar kasuwa, kuma yanzu sun san fuskarsa. Sai ka ji babur ya rage gudu a gaban mangaza, a ɗaga murya: "Baba Direba, a tashe ka?" Wani ya tsaya ya duƙa masa a tsakiyar titi yana dariya. Gaisuwa ce, ba wani abu ba. Shi kuwa da ya hango buhun albasa bisa babur sai ya shige mangaza ya turo ƙyaure. Mutumin da ya yi shekaru yana neman wanda zai kira sunansa, ga shi ana kira yana ɓuya. Na ce masa ya fito ya zauna da su, mutane ne, sun fi gilashi. Ya ce ba ya iya haɗa ido da wanda ya san abin da ke cikinsa alhali shi bai san ko sunansa ba.

Maliki ya cika alkawari. Wata rana bayan azahar sunan ya yi kore. Ina kallon Nata'ala, ya daɗe kafin ya taɓa. Aka jefa su wani fili. Gado ya zo gabansa ya durƙusa. Nata'ala bai yi sallama ba, bai motsa ba, ya tsaya da bindiga a hannu har wani ya harbe shi daga nesa. Ya faɗi. Ga Gado nan ya sheƙo a guje zai tashe shi. Kafin ya iso, Nata'ala ya kashe salular, ya naɗe igiyar kunnen a jikinta, ya sa aljihu.

Ya cika kofunan shayinsa, ya miƙo mini ɗaya. Ban iya shan shayin direbobi ba, ɗaci kamar maɗaci, amma na sha.

Da watan ya ƙare ya ajiye wa Alhaji aikinsa. Ya ce zai koma Tibiri, akwai ɗaki a gidan ubansa, ɗan wansa ne a ciki da iyalinsa. Na tambaye shi ko sun san shi. Ya ce sun san sunansa. Ranar tafiya ya biyo ta wurina da amalanke: katifa, murhun gawayi, akwati guda, da turmin Zalihatu an ɗaure shi da igiya yana ƙyalli. Ya ce in yafe masa miyar da ya sa na zubar. Na ce ban yafe ba.

Ban ƙara sa shi a ido ba tun daga ranar. Tibiri ba nisa, amma ƙafata ta yi nauyi, shi kuma ba ya shigowa. Ban san ko yana da wanda yake zama da shi ba, ban san ko Fadila na kira ba. Kwanona dai yana zuwa duk ranar kasuwar Tibiri a hannun wani mai kabu-kabu, a wanke, ba saƙo, in cika shi in mayar. Don da amalanken zai tashi na ɗauko kwanon da nake zuba masa, mai murfi, na cika shi da tuwo, na ɗora bisa katifar, na ce masa:

"Wannan ba kyauta ba ce, Bagobiri, kwanona ne, kuma ina son abina. Duk ranar kasuwarku ka aiko mini da shi. Ranar da bai zo ba, zan hau mota in zo in buga ƙofarka in ji dalili, kuma kada ka sa ran zan durƙusa maka."